Me ya sa nake tangaɗi a taku na uku na wisk?

Tambaya: Ni da maiɗakina muna zaune a Ingila, kuma mun shiga ajin koyon rawar wals, rawar Turawa da namiji da mace suke yi a riƙe da juna. Mun iya takun farko-farko, amma da aka kai mu ga wanda ake kira wisk sai abin ya gagare ni. Duk lokacin da na harɗe ƙafata ta baya sai in yi tangaɗi, ita kuma ta ce ina fizgo ta. Ina gyaran yake?

Amsa: Matsalar da kake gani a taku na uku, a mafi yawan lokuta, tun daga taku na biyu take farawa, don haka can ya kamata ka mai da hankali. Amma bari in fara shimfiɗa maka tsarin takun kamar yadda yake a manhajar ƙungiyar malaman rawa ta ISTD, wadda aka kafa a Landan a 1904, wadda kuma ta buɗe sashen rawar zaure, wato irin raye-rayen da namiji da mace suke yi tare kamar wals, a 1924 ta daidaita salon da ake koyarwa a yau.

Kiɗan wals bugu uku-uku yake tafiya, kowane bugu uku gaɓa ɗaya ke nan, kuma a wannan salo na Ingila ana yin gaɓa 28 zuwa 30 a minti ɗaya, wato kusan rabin saurin wals ɗin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Wisk yana cin gaɓa ɗaya cif. Namiji yana farawa yana fuskantar bango a karkace. A bugu na ɗaya ya jefa ƙafar hagu gaba da dunduniya, a na biyu ya kai ƙafar dama gefe tare da ɗan matsawa gaba a kan yatsu, a na uku kuma ya harɗe ƙafar hagu a bayan ta dama. Mace tana ja da baya da ƙafar dama, ta kai ta hagu baya a karkace, sannan ta harɗe ta dama a bayan ta hagu. Namiji ba ya juyawa ko kaɗan. Macen ce take juya ƙafafunta kwata ɗaya zuwa dama tsakanin taku na ɗaya da na biyu, jikinta kuwa bai kai haka juyawa ba.

To, ga inda gizo yake saƙa. Masu koyo da yawa suna ɗaukar harɗewar a matsayin babban taku, sai su yi gaggawar kaiwa gare ta tun nauyin jikinsu bai gama hawa kan ƙafar dama ba. Idan haka ta faru, ƙafar hagu takan tafi nesa tana neman inda za ta tokare, ƙugu ya koma baya, kafaɗar hagu ta buɗe, kuma da yake hannunka na dama yana bayan maiɗakinka, dole ka tafi da ita. Fizgar da take kuka da ita ke nan, kuma tana da gaskiya. Abin da ake so shi ne ka tsaya sosai a kan ƙafar dama, ka yi ɗage, cinyoyinka a matse, sannan ka zame ƙafar hagu ta shiga baya a hankali, tazara kaɗan, kanka da ƙirjinka suna nan daidai saman ƙafafunka.

Tashi da saukar jiki ma suna da nasu lokacin. Za ka fara tashi a ƙarshen bugu na ɗaya, ka ci gaba a na biyu, ka kasance a sama a na uku, sai a ƙarshensa ka sauke dunduniyar hagu cikin natsuwa. Wanda ya sauke ta da wuri yakan faɗa baya, sa'annan taku na gaba, wanda ƙafar dama ce za ta yi shi, ya zo masa da nauyi.

Wisk yana ƙarewa ne a buɗaɗɗiyar tsayuwa, inda gefenka na dama yake haɗe da gefenta na hagu, ɗaya ɓangaren kuma ya buɗe kamar littafin da aka ɗan buɗa. A ganina rabin kurakuran wannan taku daga wuce gona da iri wajen buɗewar suke. Ba da hannu ake buɗe mace ba. Ka ɗan karkata jikinka na sama zuwa dama, wato wajenta, a taku na biyu, ka bar gwiwoyin hannunka yadda suke, za ka ga ta juyar da kanta zuwa dama ba tare da an tura ta ba. Ita ma ta kula kada ta wuce gabanka. Wurinta yana ɗan bayan ƙugunka na dama.

Wajen atisaye, ina ba da shawarar ka fara kai kaɗai ba kiɗa, yatsun hannunka a kan bango ko bayan kujera. Ka yi taku na ɗaya da na biyu, ka tsaya a ɗage ka ƙirga uku kafin ka harɗe. Idan ba ka iya wannan tsayuwar ba tukuna, idon sawunka ne yake bukatar ƙarfi, kuma ɗagawa da sauke dunduniya a hankali kullum yana maganin hakan. Bayan nan ku gwada tare, ku shigo ta juyin hagu, ku yi wisk, ku fita daga buɗaɗɗiyar tsayuwa da shase, wato takun da ƙafa ɗaya take biyo ɗaya ta haɗe da ita, wanda ake ƙirga shi ɗaya, biyu da, uku. Ka roƙi malaminku ya tsaya ta bayanka ya duba ko kafaɗarka ta hagu tana zamewa baya a bugu na uku, domin wannan abu ne da mai rawa ba ya iya gani a jikinsa.