Zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam kan matsalar shan giya

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka rabu da giya, ka sha dainawa kana komawa, kana tambaya ko zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam zai yi maka amfani. Eh, zai yi, kuma ka je tun yanzu, kada ka jira sai ka daina tukuna. Giya takan zama mafaka ce daga wani abu, ko baƙin ciki, ko fargaba, ko rashin barci. Aikin masanin shi ne ku zauna ku gano abin da ke tura ka ga kwalba, ya koya maka yadda za ka yi idan sha'awar ta taso, domin takan yi ƙarfi sannan ta lafa in ba a biye mata ba.

Amma akwai sharaɗi, kuma na gan shi da idona a kan yayana. Idan kullum kake sha da yawa, har hannunka na rawa da safe, kada ka yanke shan a lokaci guda kai kaɗai. Alamun janyewa, wato rashin lafiyar da jiki ke shiga idan ya rasa giyar da ya saba da ita, kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, wasu har farfaɗiya suke yi, kuma ruɗewa mai tsanani kan zo a kwana na 2 ko na 3, tana iya kisa. Ka fara ganin likita ya kula da wannan matakin. Akwai kuma magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage ƙwaɗayin sha, a haɗa su da zaman da kake yi da masanin. Don Allah ka faɗa wa su biyun ainihin yawan abin da kake sha, kada ka rage.