Tambayoyin Masu Karatu: Maɗauran Tsirkiya da Kan Ukulele

Tambaya: Ƙaramar ukulele gare ni (kayan kiɗa mai kama da ƙaramar jita, mai tsirkiya huɗu), samfurin soprano. Da na saita tsirkiya sai ta saki, muryar ta sauka. Maɗauranta, wato abubuwan da ake murɗawa a saita tsirkiya, irin waɗanda ke fitowa ta bayan kan ukulelen ne. In sauya su da masu giya?

Amsa: Dakata tukuna, ɗan'uwa, kada ka yi saurin cire su. Idan tsirkiyoyin sababbi ne, laifin ba na maɗauri ba ne: tsirkiyar nailan takan yi mako ɗaya ko biyu tana miƙewa kafin ta zauna. In kuwa da idonka kake ganin maɗaurin yana juyawa baya, to ya yi sako-sako ne. Irin naka matsi kaɗai ke riƙe shi, babu giya a ciki. Duba ƙarshen abin murɗawar, akwai ɗan noti. Ka ɗaure shi da sukundireba kwatan zagaye, ka gwada, ka ƙara kaɗan in bai kama ba. Kada ka matse shi tamau, don robar takan tsage, kuma murɗawa za ta yi tauri har ka riƙa wuce muryar da kake nema.

Wahalar maɗauri marar giya ita ce zagaye ɗaya na yatsa zagaye ɗaya ne na sandar da tsirkiya ke naɗuwa a jikinta, wato 1:1, motsi kaɗan sai murya ta yi tsalle. Masu giya da ke fitowa ta gefe kamar kunnuwa sukan kai 14:1 ko 18:1, saitinsu a sannu yake kuma ba sa zamewa. Amma suna da nauyi, a jikin soprano sai kai ya riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma tallafar wuya maimakon danna tsirkiya. Mu dai a kan soprano mun fi son mai giya a ɓoye, irin Gotoh UPT na Japan, mai 4:1, wanda kamanninsa na gargajiya ne. Yana buƙatar rami mai faɗin milimita 10, ramin tsohon maɗauri kuwa sau da yawa bai kai haka ba. A faɗaɗa shi da hannu a hankali, domin injin huda yakan ɓantare katakon fuskar kai. A kuma auna kaurin kan kafin a saya, akwai mai gajeriyar sanda da mai doguwa.

Tambaya: Zan sayi ukulele samfurin tenor, wadda ta fi soprano girma. Wane kai ya fi, mai tsaga biyu ko shafaffe?

Amsa: A mai tsaga, sandunan suna kwance cikin tsagar, saboda haka tsirkiya tana sauka da gangare sosai bayan ta haye ɗan ƙashin da ke bakin wuya, ta danne shi da kyau. Abin murɗawa kuma yana fuskantar baya, hannu ya fi samun sauƙi. Sai dai katakon ya fi kauri, sauya tsirkiya ya fi cin lokaci, kuma idan ba a lura ba tsirkiyar G ko ta A, wato na gefe biyu, takan goga jikin tsagar. Shafaffe ya fi sauƙin gyara, yana karɓar kowane irin maɗauri. Bambancin sautinsu ƙanƙani ne ainun, kada shi ya sa ka ƙara kuɗi. Ka rungumi kowacce ka saki hannun hagu, ka ga wadda kanta ba ya faɗuwa.

Tambaya: Ina jin wani ƙas idan ina murɗawa, sai muryar ta haura a lokaci guda.

Amsa: Tsirkiya ce ke maƙalewa a tsagin ɗan ƙashin nan, musamman ta C mai kauri. Sassauta ta, ka goga bakin fensir a tsagin. In bai daina ba, tsagin ya yi mata kaɗan, sai mai gyara ya ɗan buɗe shi. Wajen naɗi kuma zagaye 3 ya isa, kowanne a ƙarƙashin na baya, kada su hau juna. In ka wuce murya, ka sauko ƙasa da ita sannan ka hauro.