Katakon da ya zo daga Duwala

Ka tambaye ni jiya muna rufe shago, wai idan mafarauci ya zo da lasisinsa da kuɗinsa, me za ka ce masa: mu haɗa masa bindiga mai sakata daidai jikinsa, ko ya tafi wurin dila ya sayi ta kamfani? Ban amsa maka nan take ba, don tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Zauna, ka ajiye wayar nan, ka saurara.

Ka ce masa ya sayi ta kamfani. Ni da na shafe sama da shekara 30 ina gogar ƙotar bindiga a Garwa nake gaya maka haka. A zamanin maigidana, Allah ya jiƙansa, ta kamfani sai an sa mata hannu kafin ta yi saiti. Yanzu bindigar Tikka ta ƙasar Finlan tana fitowa daga kwali da alkawarin cewa harsashi uku za su faɗa wurin da bai kai santimita 3 ba a nisan mita 100. Wane gwanki ne zai tsira? In ɓauna yake nema wajen Faro ko Buba Njida, ya samo CZ 550 ko tsohuwar Brno mai cin .375 H&H, harsashin da Holland & Holland suka fitar a Landan tun 1912. Ya yi shekara uku yana yawon daji da ita, ta shure shi a kafaɗa, ta goge masa kumatu. Sannan zai san abin da yake so, sannan ya cancanci aikina.

Domin abin da nake sayarwa shi ne zama daidai jiki. Mai dogon hannu, mai gajeren wuya, bahago, kowa da tasa ƙotar, yadda in ya ɗaga bindiga idonsa zai tarar da saiti ba tare da ya nema ba. Kamfani ba ya auna kowa. Kuma in zan haɗa, a kan ƙarfen bindigar Mauser 98 zan haɗa, wadda aka yi tun 1898, mai faffaɗan farcen nan da ke riƙe kwanso tun daga fitowarsa har a jefar da shi. Winchester sun cire irin wannan farce daga bindigarsu Model 70 a 1964 don rage kuɗin aiki, har yau mafarauta suna farautar wadda aka ƙera kafin 1964. Zancen takardu da awo da shigo da bututu ta hannun dila mai izini kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda ya zo jiya ma ya sani.

Ga mikin. Wani attajiri ya taso daga Duwala da Mauser ta gado da sabon bututu, takardunsa cif. Ya zo kuma da katakonsa na itacen wolnot a naɗe cikin bargo, wai katakon ɗan Turkiyya ne, wai ya shekara bakwai da bushewa. Katako mai kyau, zanensa kamar hayaƙi. Amma ina ɗaga shi na ji nauyin bai yi mini ba. Na ce masa, Alhaji, wannan ya kwana a iskar bakin teku, a bar mini shi ya ga hunturu biyu a Garwa tukuna. Ya ce shi ba zai jira ba, zai fita da baƙi daga Faransa farkon lokacin farauta. Ya ajiye rabin kuɗi a kan tebur. A shekarar ina da auren 'ya a gaba, na karɓa. Nan ne kuskurena, kuma ba na yafe wa kaina.

Wata bakwai na yi a kanta, damina gaba ɗaya. Na ƙi ayyuka huɗu saboda ita. Zanen riƙo kaɗai ya ci mini mako uku, da hannu, layi bayan layi, har idona ya fara ruwa. Mai kuwa ban ƙirga sau nawa na shafa na goge ba. Ranar gwaji a watan Nuwamba ta zuba harsashi uku kusan rami ɗaya, a gabansa, ya rungume ni. Ya ce cikon kuɗi sai ya dawo daga daji.

Hunturu ya sauka. Ka san iskar Janairu a nan, wadda ke tsaga leɓe da diddige. Ta tsotse ruwan da ke cikin katakon, gaban ƙotar ya murɗe ya tokare bututu ta gefe ɗaya. Bindigar da ke shiga rami ɗaya ta koma kauce wa saiti da kusan taƙi. Ya harbi gwanki ya raunata shi a gaban baƙinsa, aka kwana biyu ana bin jini ba a samu ba. Ya shigo shagon nan, a nan inda kake zaune, yana ɗaga murya cewa na lalata masa gadon ubansa. Na tuna masa abin da na faɗa ranar farko, ya ce bai ji ba. Babu takarda, babu shaida sai Allah. Na ce ya bar ta in buɗe wa bututun hanya ya daina taɓa katako, aikin kwana biyu, kyauta. Ya ƙi, ya ɗauke ta ya tafi da cikon kuɗina. Abin da ya fi kuɗin ciwo, ya bi sansanonin farauta yana ɓata mini suna, shekara biyu babu wanda ya kawo mini babban aiki. Daga baya na ji wani ya yi masa gyaran nan na kwana biyu, yana nuna ta ga mutane yana cewa aikin Turai ce.

Ku yaran yanzu kuna kallon YouTube, mutum ya gama ƙota cikin minti ashirin, sai ku ɗauka haka abin yake. Ba ku son jira, masu sayen ma ba sa son jira, an haɗu. Kai kanka wata takwas kana nan, har yanzu magagari na tsalle a hannunka, amma kana zancen haɗa bindiga.

Ka ga katako biyun can da ke saman rufi? Na rubuta nauyin kowanne a jikinsa da ranar da na auna. Gobe da safe ka sauko da su mu ɗora a sikeli. Wanda nauyinsa ya ragu tun awon bara, ka mayar da shi inda ka ɗauko.