Me ya sa kumburin Burkitt ke girma kamar ana hura shi?

Tambaya: Dokta sannu da aiki. Ɗan yayata mai shekara 6 muƙamuƙinsa ya kumbura cikin sati biyu, a asibitin Korle Bu aka ce Burkitt ne, likitan ya ambaci wani abu wai MYC. Menene shi? Daga wata 'yar'uwa a Nima.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa. Burkitt wani nau'in ciwon daji ne. MYC kuma ƙwayar gado ce, kowa na da ita a kromosom na 8 (kromosom su ne ƙunsoshin da DNA ke naɗe a ciki), aikinta ta ce wa sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jiki, lokacin girma ya yi.

Kin san shagon tela ana saura kwana goma sallah? To DNA shine littafin awo da ba ya fita daga ɗaki, sai a kwafi shafin da ake so, kwafin nan shine RNA, a sa masa almakashi a cire inda babu amfani a haɗe sauran, sannan a miƙa wa ribosom, wato keken ɗinkin da ke ɗinka furotin. MYC shine maigidan shago. In ya shigo sai ya ƙaro kekuna, ya ƙaro masu yanka, har yadda ake yanka RNA ɗin yakan canza, ya kuma yawaita wani furotin eIF4E da ke riƙo kan RNA ya ɗora shi a keke. A lafiyayyen sel furotin MYC ba ya wuce kamar minti 30 an rusa shi.

A Burkitt kuwa guntun kromosom 8 ne ke ɓallewa ya manne, galibi a na 14, dab da makunnin da sel ɗin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ke haɗa garkuwar jiki da shi, wanda kullum a kunne yake. Shikenan maigida ya tare a shago, ɗinki ba dare ba rana, kumburin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Denis Burkitt ne ya bayyana ciwon a Uganda a 1958, kuma a yankinmu yana tafiya da maleriya mai yawan dawowa da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Ba daga iyaye yaron ya gado ba, ba kuma sammu ba ne, don na san za a faɗa muku haka a unguwa.

Saurin nan nasa shi ke sa kemo, wato maganin ciwon daji, ta kama shi sosai, don sel mai rabuwa take hari. Zaku ga kumburin ya sace da wuri, don Allah kar ku ce ya warke ku daina zuwa asibiti, a kammala duk zagayen da likita ya rubuta.