Amsar da aka ba mai tambaya kan Debian da ta ƙi ganin faifai

Assalamu alaikum. To ƙanena, na saurari saƙonka, na kuma ga hoton da ka turo. Ka ce kana ɗora Debian 12, wato wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a tsohuwar kwamfutar tebur ta shagonku a Samaru, faifan ya tashi lafiya lau, ka zaɓi harshe da kibod, sai ta tsaya cak ta ce ba ta ga na'urar faifai ba. Kana cewa ya za a yi ta tashi daga faifai kuma ta ce babu faifai.

Ai ba abu ɗaya ne ke karantawa ba. Da farko BIOS ne, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, ya karanta faifan, ya ɗauko kanel ɗin Linux, wato zuciyarsa, da ƴan kayan aikinsa ya zuba a RAM, daga nan ya cire hannu. Kamar mai keke ne da ya sauke ka a bakin get ɗin jami'a, sauran tafiyar taka ce. Yanzu Linux ne zai nemo na'urar da kansa, da nasa draiba, wato manhajar da ke magana da na'urar. In bai same ta ba, ko ya same ta amma faifan ya ƙi karantuwa, saƙon da ka gani shi zai fito. Masu Ubuntu kuwa, wani nau'in Linux ɗin, baƙin allo suke gani mai rubutun initramfs, ciwon dai ɗaya ne.

Saboda haka kada ka yi ta sake kunnawa, ka fara gano wanne ne a cikin biyun. Inda ta tsaya ɗin, danna Ctrl da Alt da F2, sannan Enter. Rubuta ls /dev/sr0. Wannan sr0 shi ne sunan da Linux ke ba na'urar faifai ta farko.

In ta ce babu shi, to Linux bai ga na'urar ba sam. Shiga BIOS, nemi wajen SATA, wato hanyar da ake jona na'urar da kwamfutar. Za ka ga IDE, ko AHCI, ko RAID. Mayar da shi AHCI ka gwada. Amma fa tsaya, in akwai Windows a kan injin kuma maigidanka yana aiki da ita, rubuta yadda ka tarar da saitin, don in ka canza tana iya ƙin tashi ta ba ka shuɗin allo. Bai yi ba? Zare wuta, buɗe akwatin, cire wayar SATA ta na'urar ka sake cusawa da kyau. Wasu madabod ɗin, wato babban allon cikin akwatin, suna da ramuka biyu masu launi daban, wani ƙaramin cif ne na JMicron ko Marvell ke riƙe da su, kuma su ne suka fi ba da wahala. Matsar da wayar zuwa kusa da inda hadis (hard disk) ke jone. In kuma tsohuwa ce ƙwarai mai faffaɗar waya ta IDE, duba jamfa, ƴar robar saiti da ke bayan na'urar, kada na'ura biyu su zama masta (master) a waya ɗaya.

In kuwa sr0 yana nan, laifin na faifai ne ko na idon na'urar, kuma ni a nan na fi zargi. Danna Alt da F4, in ka ga I/O error na ta maimaituwa, shi ke nan. Ƙurar hunturun Zariya ba ta barin idon nan, ga shi shagon a bakin titi. Goge shi a hankali da auduga da ɗan sifirit. Wani abin da mutane ba su sani ba, hasken da ke karanta CD daban, na DVD daban, don haka na'ura tana iya karanta ɗaya ta kasa ɗaya. Shi ma faifan, in da gudu aka ƙona shi, sake ƙonawa a 4x ko 8x. Kafin nan auna ISO ɗin, wato fayil ɗin da ka sauko ka ƙona, da lambar tantancewa ta SHA256 da Debian suka saka a shafinsu, don da irin netwok ɗinmu fayil kan sauko da rauni.

Gaskiya ni dai da ni ne, ba zan ɓata yini a kan faifai ba. DVD na yau da kullum 4.7GB yake ɗauka, Ubuntu 24.04 ta tebur ma ta fi ƙarfinsa. Sayi filash mai 8GB a PZ, cibiyar kasuwancin nan ta Zariya, ɗora ISO da manhajar Rufus, in ya tambaye ka zaɓi DD. Ka guji UNetbootin, wata manhajar irin Rufus, su Debian da kansu sun hana, yana jawo wannan saƙon ko da filash ne. Cusa shi a ramin baya na akwatin, ba na gaba ba.

Ɗauki hoton abin da F4 ɗin ya nuna ka turo nan gurup, zan duba bayan Isha'i in Allah ya yarda.