Me falsafa za ta ƙara wa malamin lissafi?

Malam, ka ce koya wa malaman lissafi na sakandare tarihi da falsafa lokacin horo ɓata lokaci ne. Ni kam ban yarda ba. Na ga wani mai koyon koyarwa nan Sakkwato, yaro ya tambaye shi don me ba a raba lamba da sifili, sai ya ce "haka doka take", ya juya allo. Da an saba masa da tambayar "don me", da bai zille ba.

Aljabara ma, wato lissafin gano lambar da ba a sani ba, ai da al'amuran mutane ta faro. Littafin aljabara da masanin lissafi Alkawarizmi na Bagadaza ya rubuta wajen shekarar 820, cike yake da lissafin gado da wasiyya. Yaron da ke jin fara'id a zaure, ta nan za a shigo masa.