Kafin tsohon ɗan dambe ya sa hannu a takardar shekara uku

Ɗana, ka ce ɗan damben boksin da kake taya horarwa a Garwa ya kai shekara 34, wani mai shirya wasa daga Faransa ya aiko masa da yarjejeniyar shekara uku, da sharaɗin ya sauya koci, an kuma ce za a riƙa nuna shi a talabijin. Kana tambaya ko ya sa hannu. A yadda takardar take yanzu, kada ya sa.

Fara da ƙirga wasannin da suka rage masa kafin ka dubi kuɗin. Mai wannan shekaru da ke shiga fage sau biyu a shekara, ko uku in jiki ya ba da haɗin kai, abin da ke gabansa bai fi wasa shida zuwa takwas ba. Shekara uku ke nan ita ce duk sauran damben nasa. Yaro ɗan 22 zai iya ɓata shekara biyu a hannun mutumin banza ya farfaɗo, wannan kuwa in aka ajiye shi wata goma sha takwas ba wasa, an gama da shi.

Mutum uku ne ke kewaye da ɗan dambe, kuma ba gefe ɗaya suke ba. Mai shirya wasa shi ke kama zaure, ya sayar da tikiti, ya yi ciniki da gidan talabijin, ya biya 'yan wasa, ribarsa ita ce abin da ya saura bayan ya biya su. Duk abin da ya zaftare daga ladan mutuminka, aljihun mai shirya wasan ya shiga. Manaja shi ne naku, domin kasonsa daga ladan wasan yake fita, in ladan ya ƙaru nasa ya ƙaru. Koci kuma jiki da dabara ne aikinsa. A Amurka dokar da aka sa wa sunan Muhammad Ali a shekarar 2000 ta hana mutum ɗaya ya zama manaja kuma mai shirya wasa ga ɗan damben manyan wasanni. Dokar Amurka ce, ba za ta bi shi Faransa ko Duwala ba, don haka in mutumin ya ce zai kawo muku manaja daga wajensa, ku ce kun gode.

Ga lissafin da za ka yi masa a takarda. A ce ladan wasa yuro 10,000 ne, wato wajen sefa miliyan 6 da dubu 560. Manaja kan ɗauki har kashi ɗaya cikin uku, koci kashi 10 cikin ɗari, mai tsayar da jini a kusurwa kamar kashi 2, in wasan kambu ne ƙungiyar da ke da kambun ta karɓi wajen kashi 3. Saura wajen yuro 5,200, ba a cire haraji ba, ba a biya abokan gwaji da abincin mako takwas na shiri ba. Shi ya sa dole takardar ta faɗi wanda zai biya tikitin jirgi, biza, masauki da gwajin likita, wato hoton ƙwaƙwalwa, duban ido da gwajin jini. In ba a rubuta ba, daga rabonsa za a zare.

Cikin takardar, wurin da aka fi cutar mutane shi ne adadin wasa. A rubuta wasa nawa a shekara, da mafi ƙarancin ladan kowane, da cewa in mai shirya wasan ya kasa cikawa ɗan damben ya kuɓuta ba tare da biyan komai ba. Sannan ka nemi layin da ke tsawaita yarjejeniyar da kanta: wasu kan rubuta cewa in ya ji rauni agogo ya tsaya, ko in ya ci kambu an ƙara shekara biyu. A haka shekara uku ke zama biyar. A rubuta nauyin da zai yi dambe a kai, domin in matsakaicin nauyi ne, iyakarsa kilo 72.6, kuma tsohon jiki ba ya yafe rage kilo biyar cikin mako guda. Takardar da Faransanci za ta zo, ku kai wa lauyan da ku kuka biya ya karanta, ba wanda aka turo muku ba.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa. Sau da yawa ana ɗauko tsohon ɗan dambe daga Afirka ne don yaron gida ya doke shi, tarihinsa ya yi kyau. Alamarta kiran gaggawa: wasa nan da kwana goma. Carlos Takam, ɗan dambe haifaffen Kamaru, ya karɓi irin wannan kira a Oktoban 2017, ya kara da zakaran duniya Anthony Joshua a birnin Cardiff na Birtaniya da sanarwar ƙasa da mako biyu, aka tsayar da wasan a zagaye na goma. Amma kambun duniya ne a gabansa, kuma yana cikin shiri. Don wasan zagaye takwas ba a yin wannan kasada. Ya nemi mako shida aƙalla, da haƙƙin ƙin abokin karawa.

Batun talabijin kuwa, kada kalmar ta ruɗe ku. Gidan talabijin da mai shirya wasa yake ƙulla ciniki, ya ba shi darare kaza a shekara. Ku tambaya: wace tasha, darare nawa, yaushe cinikin zai ƙare? In nasa zai ƙare baɗi, naku kuma shekara uku ne, kun ɗaure kanku ga mutumin da ba shi da ranar wasa. Manyan ma suna rufewa: tashar HBO ta Amurka ta bar dambe a 2018, takwararta Showtime ta bi bayanta a ƙarshen 2023. Canelo Alvarez, fitaccen ɗan damben Meziko, ya sa hannu da DAZN, mai nuna wasanni ta intanet, a 2018 kan wasa 11 a dala miliyan 365, kafin 2020 ta ƙare sun je kotu sun rabu. In aka ce a rage ladan a ba shi kaso daga kuɗin masu biya su kalla, cinikin biri a sama ne. Wannan na masu suna irin Francis Ngannou ne, ɗan Kamaru da ya bar UFC, kamfanin faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, a farkon 2023 ya kara da zakaran duniya Tyson Fury a Riyad a Oktoban shekarar. Mutuminka ya karɓi nasa tsayayye.

Sai koci. Na san a nan kai ma da taka a ciki, to ka cire son rai. Ba a sake wa mai shekara 34 tsayuwa da naushi cikin mako takwas, sai dai a rikita shi. Kocin gidan mai shirya wasa kuma ya san wanda ke ciyar da shi, ba lallai ya jefa tawul don a tsayar da wasa a lokacin da ya dace ba. Amma in a Garwa babu abokan gwaji masu nauyinsa, zamansa nan ma cuta ce. Mafita ita ce ya yi makonnin ƙarshe na shiri a can, ya saba da sanyinsu, tsohon kocinsa ya bi shi ya zama mai magana a kusurwa.

Ku mayar musu da amsa haka: wasa uku cikin wata goma sha takwas, ba tsawaitawa. Kafin ku aika, a kai shi hoton ƙwaƙwalwa. In harshensa ya fara nauyi, ko yana ganin naushi yana tahowa ya kasa kaucewa, to babu takardar da za a sa wa hannu.